Kit ɗin rinin Perls mai kwalba uku: inda ya biya kuɗinsa da inda ya bar ma'aikaci shi kaɗai

Kit ɗin da ake magana a kai shi ne wanda dillalan kayan lab ke kawowa a ƙaramin kwali da kwalba uku a ciki: ruwan fotasiyam ferosayanaid, ruwan asid haidurokulorik da aka riga aka tsinka, sai jan rinin da ke fito da sauran nama, galibi nukiliya fas red. Kamfanoni da dama ke haɗa shi. Sunan da ke jikin kwali ya bambanta, amma cikin kusan ɗaya ne, don haka wannan sharhi ya shafe su gaba ɗaya. Aikinsa shi ne nuna ƙarfen da ya taru a cikin nama, ko yankan hanta ne, ko shafin ɓargo, ko huhu, ko saifa. Ga ɗakin gwajin da ke yin wannan rini jefi-jefi, kit ɗin ya cancanci a saya. Sai dai yawancin abubuwan da ke ɓata sakamakon rinin ƙarfe ba a cikin kwalaben suke ba, kuma takardar da ke cikin kwalin ba ta cika faɗin haka ba.

Hanyar tsohuwa ce. Max Perls, likitan binciken cututtukan nama ɗan ƙasar Jamus, shi ya bayyana ta a 1867, har yau kuma ba a sami wadda ta ture ta ba. Jiki na ajiye rarar ƙarfe a siffa biyu, feritin da himosidarin. Asid mai rauni na ɓamɓare ƙarfen ferik, wato nau'in ƙarfen da ke cikin wannan ajiya, daga furotin ɗin da ke riƙe da shi, nan take ferosayanaid ya cafke shi, su haɗu su zama ferik ferosayanaid, wato shuɗin Purushiya. Wannan shuɗi ba ya narkewa a ruwa, sai ya zauna daram a inda ƙarfen yake. Ke nan launin a kan silaid, wato gilashin da ake ɗora yankan nama, ake samar da shi, ba daga kwalba ya fito ba. Abu biyu ke biyo bayan haka. Na farko, duk wani ƙarfen ferik da ya faɗo daga waje, na tsatsa ko na ƙura ko na ruwa, zai ba da shuɗi iri ɗaya da na majiyyaci. Na biyu, ƙarfen da ke cikin himogulobin, jan sinadarin jini, a ɗaure yake tam, asid mai rauni ba ya iya kwance shi, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jini ba sa yin shuɗi duk da cewa mafi yawan ƙarfen jiki a cikinsu yake.

Abin da ya fi burge mu a kit ɗin shi ne ya toshe wata kafar kuskure da ke yawan kama masu haɗa ruwansu da kansu. A kan kantar lab akwai ferosayanaid, akwai ferisayanaid, harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu a jikin kwalba. Na farko garinsa rawaya ne mai haske, na biyu ja ne. Wanda ya ɗauko jan da sunan yana rinin Perls, hanyar Turnbull ya yi, wadda wani nau'in ƙarfe daban, wato feros, take nema, kuma himosidarin zai fito ba launi ko da hanta ta cika da shi. Da kit babu wannan. Haka kuma babu auna gari, babu buɗe kwalbar asid mai ƙarfi da hayaƙinta, babu tantama kan ko wanda ya haɗa ruwan jiya ya auna daidai.

Kafin a fara, a karanta ƙarfin ruwan da ke jikin kwalaben, domin a nan kamfanoni suka fi rabuwa. Tsarin da ya fi yaɗuwa a littattafan aiki shi ne ferosayanaid kashi 2 cikin 100 da asid kashi 2 cikin 100, a haɗa su daidai wa daida. Wasu kit ɗin sun fi haka ƙarfi. Akwai kuma gyaran da Gomori ya yi, mai ferosayanaid kashi 10 da asid kashi 20. Lokacin jiƙawa na bin ƙarfin ruwan, don haka ba a ɗaukar mintocin wani kit a yi aiki da su a wani. Kit ɗin da bai rubuta ƙarfin ruwansa ba, a jikin kwalba ko a takarda, ba mu ba da shawarar sayensa, don ranar da sakamako ya rikice babu inda za a fara bincike.

Aikin kansa gajere ne. A yanka naman da ke cikin kakin farafin a kaurin maikuron 4 zuwa 5. A cire kakin da zailin sau biyu, minti 5 kowanne, a sauko da silaid ta alkohol daga 100 zuwa 95 zuwa 70, a ƙare a ruwan distil, a ɗauraye shi sosai a ciki. Sai a lokacin ake haɗa ruwan aiki: mililita 25 na ferosayanaid da mililita 25 na asid sun cika kwalbar Coplin, wato kwalba mai tsagogi da ake jera silaid a ciki. A tsoma silaid na majiyyaci tare da na kwantirol, wato yankan naman da aka riga aka san yana da ƙarfe, minti 10 zuwa 30 gwargwadon ƙarfin kit ɗin. Ga mai kashi 2 da 2, minti 20 na wadatarwa. A ɗauraye da ruwan distil sau uku ko huɗu, a sa jan rini minti 5, a sake ɗaurayewa da kyau, a hau da shi ta alkohol, a wanke da zailin, a rufe da DPX, gam ɗin manna gilashin rufi. Ƙarfe zai fito shuɗi, cibiyar sel ja, jikin sel ruwan hoda mai haske. Daga cire kaki zuwa rufewa bai cika kai awa ɗaya ba.

Ruwan aikin nan ba a ajiye shi. Da zarar asid ya haɗu da ferosayanaid, shi ferosayanaid ɗin ya fara warwarewa a hankali, ƙarfen da ke cikinsa na fita, ruwan na rikiɗa daga rawaya mai haske zuwa kore sannan shuɗi. Ruwan da ya kai wannan hali zai shafa wa nama wani shuɗi-shuɗi ko'ina, ya bar ɗigo-ɗigo a kan gilashi. A haɗa, a yi aiki cikin rabin awa, a zubar. Zafi da haske na hanzarta wannan lalacewa, har a kwalbar da ba a haɗa ba. Takardun kit na cewa a ajiye a zafin ɗaki, amma zafin ɗaki a wurinsu bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Kwalbar ferosayanaid ta zauna a kabad mai duhu, a wuri mafi sanyi na lab, nesa da taga. A riƙa ɗaga ta a duba kafin kowane aiki. Idan ruwan ya soma kore, ya tashi aiki, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba.

Ruwa shi ne babbar matsala, kuma a kansa takardar kit layi ɗaya kawai take da shi, cewa a yi amfani da ruwan distil. Wannan layi ya fi duk sauran takardar muhimmanci. Ruwan burtsatse a wurare da yawa na ɗauke da ƙarfe, ruwan famfo kuma na biyowa ta tsofaffin bututu da tankunan da suka yi tsatsa. Ɗauraya ɗaya da irin wannan ruwa kafin a tsoma silaid ta isa ta jawo shuɗin ƙarya. Ruwan distil da ake saya a jarka ba tare da an san inda aka tace shi ba, shi ma sai an gwada. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba mililita 10 na ruwan a bututun gilashi mai tsabta, a ɗiga masa ruwan aiki da aka haɗa yanzu, a bar shi 'yan mintoci, a kalle shi a gaban farar takarda kusa da wani bututun mai ruwan da aka amince da shi. In ya nuna alamar kore ko shuɗi, kada ya taɓa silaid. Wannan doka ta haɗa da ruwan ɗumin da ake shimfiɗa yankan nama a kai bayan ya fito daga maikurotom, injin yanka nama, ruwan da sau da yawa ake mantawa da shi saboda a wani tebur yake.

Bayan ruwa sai kayan aiki. Hantsakin ƙarfe ba ya shiga ruwan aiki, a nemi na roba. Ragar jera silaid ta ƙarfe da ta soma tsatsa a lungunanta, a ajiye ta gefe. Kwalbar Coplin da aka taɓa zuba rinin himatoksilin na Weigert a ciki, ko wani ruwa mai gishirin ƙarfe, na iya riƙe ragowarsa a cikin tsagoginta ko da an wanke da sabulu. A keɓe wa rinin Perls kwalbarsa, a jiƙa ta a asid mai rauni, a ɗauraye da ruwan distil, a rubuta mata suna. Kwalbar da aka kawo samfuri a ciki daga ɗakin tiyata, idan murfinta na ƙarfe ne fomalin kuma ya ci shi, naman ya riga ya gurɓace tun kafin ya iso. Lokacin hunturu ƙura na ɗauke da ƙarfe, haka ƙurar jar ƙasa, don haka silaid ba ya bushewa a buɗe kusa da taga. Shuɗin gurɓata yana da alamominsa: yana kwance a saman nama ba a cikin sel ba, sai an juya madubin maikuroskop sama kaɗan yake fitowa sarai, kuma ana ganinsa har a kan gilashin da babu nama.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne ƙarfe ya kasance amma rini ya ce babu. Tunda asid ne ke kwance ƙarfe daga himosidarin, duk asid ɗin da ya taɓa naman kafin rini ya riga ya wanke wani kaso. Ruwan Bouin da na Zenker, da ake kafe nama da su kamar fomalin, suna da asid a ciki, ba su dace ba. Fomalin da aka tsinka da ruwa kawai ba tare da gishirin daidaita tsami ba, yana yin tsami in ya daɗe, ya ja ƙarfe daga nama, ya kuma haifar da baƙin ɗigon fomalin a wuraren da jini ya yi yawa. Maganin ba shi da tsada: mililita 100 na fomalin mai ƙarfi, mililita 900 na ruwan distil, giram 4 na sodiyam daihaidurojin fosfet mai ruwa ɗaya, da giram 6.5 na daisodiyam haidurojin fosfet busasshe. Ko a wannan ɗin kada nama ya yi watanni idan ƙarfe ake nema.

Ɓargo ya fi kowane nama shan wahala a nan. Guntun ƙashin da aka ciro sai an narkar da alli a cikinsa kafin ya yanku, kuma asid ɗin da ake yin haka da shi na tafiya da ƙarfe. EDTA, wani sinadarin cire alli da ake amfani da shi maimakon asid, ya fi sassauci, amma shi ma yana kama ƙarfe. Don haka in yankan ƙashi ya nuna shuɗi, a yarda akwai ƙarfe. In bai nuna ba, ba a rubuta cewa ajiyar ƙarfe ta ƙare da wannan kaɗai. Shafin ruwan ɓargo da aka zuƙo shi ne abin dogaro. A bar shi ya bushe a iska, a kafe shi da metanol minti 10 zuwa 15, sannan a rina. Dole shafin ya kasance da gutsattsarin ɓargo, don a cikinsu ne makurofej, sel masu haɗiye tarkace da ajiyar ƙarfe, suke, kuma masana jini na son a duba aƙalla gutsure 7 kafin a ce babu ƙarfe. Shafin da jini ya tsinka, ba gutsure ko ɗaya, rahotonsa shi ne bai isa a yanke hukunci ba. A kan shafin ne kuma ake neman sidarobulas mai zobe, wato jar ƙwayar jini da ba ta gama girma ba, mai ɗigon shuɗi 5 ko fiye da suka kewaye aƙalla sulusin cibiyarta. Wannan sai da madubin da ake ɗiga wa mai don ƙara girma, kuma sai jan rinin bai yi kauri ba.

A nan jan rinin kit ɗin ya cancanci yabo da ɗan gyara. Nukiliya fas red ya fi nutiral red haƙuri: ba ya zubewa a alkohol, ba ya yin duhun da zai binne ƙananan ɗigon shuɗi. Amma da gishirin aluminiyam salfet ake haɗa shi, wanda ba ya narkewa a alkohol, don haka silaid ɗin da aka kai alkohol ba tare da ɗauraya mai kyau ba zai yi hazo fari-fari. Kwalbar kuma na tara laka a gindinta in ta daɗe, sai an tace kafin amfani.  Kit ɗin da ya zo da nutiral red, a rage lokaci zuwa minti 1 ko 2, a tsane silaid da takardar tacewa, a ratsa alkohol da sauri. Shi kuwa shuɗin, abin da ke kashe shi alkali ne, wato kishiyar asid, saboda haka kada a bar silaid a ruwan sabulu ko ruwan amoniya da ake shuɗanta himatoksilin da shi.

Babban giɓin kwalin shi ne yawanci babu silaid ɗin kwantirol a ciki, in ma akwai daban ake sayar da shi. Rinin da "babu" ke cikin amsoshinsa ba ya da ma'ana sai da kwantirol, domin ruwan da ya mutu da naman da ba shi da ƙarfe kamanninsu ɗaya a madubi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin kit ya iso a tanadi bulok na hanta ko saifa da aka tabbatar na da himosidarin, ko huhun da jini ya daɗe yana taruwa a cikinsa. Kuma kada a tsaya ga mai ƙarfe da yawa. Naman da ya cika maƙil zai yi shuɗi ko da ruwan ya rasa rabin ƙarfinsa, sai ya ba da tabbacin ƙarya. Mai ƙarfe kaɗan shi ke fara tona asirin ruwan da ya gaji. Inda hali, a ɗora yankan kwantirol a gefen silaid ɗin majiyyaci, su sha ruwa ɗaya a lokaci ɗaya.

Wajen karantawa, amfanin wannan rini a yankinmu ya wuce abin da masu haɗa shi suka rubuta. A rinin yau da kullum na H&E, wato himatoksilin da iyosin, launin ruwan ƙasa a cikin sel na iya zama abubuwa da yawa. Himosidarin ne kawai a cikinsu ke juyewa shuɗi. Himozoyin, ragowar da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari a hanta da saifa da mahaifa, yana da ƙarfe amma a ɗaure cikin him, sinadarin da ke riƙe ƙarfe a himogulobin, don haka yana nan baƙi-baƙi yadda yake. Haka launin da tsutsar tsargiya ke bari a hanta, haka ɗigon fomalin. Melanin, lifofusin, launin matsarmama da baƙin hayaƙi a huhu duk ba sa amsawa. Ɗigon fomalin da himozoyin suna walƙiya a ƙarƙashin haske mai fola, wato hasken maikuroskop da aka tace da matata ta musamman, kuma asid fikirik a cikin alkohol na cire su. A saifar yaron da ya sha zazzaɓi ya kuma sha ƙarin jini, silaid ɗaya na Perls na raba baƙi da shuɗi gefe da gefe.

A hanta, inda shuɗin ya zauna ya fi yawansa magana. Ciwon tara ƙarfe na gado, wanda aka gano ƙwayar gadonsa HFE a 1996 kuma ya fi yawa a jinin mutanen arewacin Turai, yana fara zuba ƙarfe a cikin sel ɗin hanta kansu, waɗanda ke kusa da mashigar jini. Ƙarfen ƙarin jini kuwa yana fara taruwa a sel ɗin Kupffer, wato makurofej na hanta, da sauran makurofej, sai daga baya ya tsallaka. Na biyun ne aka fi tsammani a asibitocinmu, musamman ga masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai. Kowace leda ta jini na kawo ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma miligiram 1 zuwa 2 kawai yake zubarwa a rana, ba shi da hanyar ƙara hakan. Ana ba da maki daga 0 zuwa 4 bisa tsarin Scheuer, 4 shi ne wanda ake gani tun ba a kai madubi ba. Maki ne na ido, ba awo ba. Yankan da ya fi kauri zai fi shuɗi. Don bin diddigin mai shan maganin fitar da ƙarfe, gwajin feritin na jini da hoton MRI sun fi dacewa, kodayake feritin na hawa da kumburi ko ciwon hanta ko da ƙarfe bai ƙaru ba. Kit ɗin kuma na aiki a kan lakar fitsari, inda himosidarin ke nuna jini na fashewa a cikin jijiya, da ruwan wankin huhu, inda makurofej masu shuɗi ke nuna tsohon zubar jini.

Batun hatsari kaɗan ne amma a kiyaye. Ferosayanaid shi kaɗai ba guba mai tsanani ba ne, har ana sa ɗan kaɗan a gishirin girki don kada ya dunƙule. In ya haɗu da asid mai ƙarfi ko aka dafa shi da asid, yana sakin iskar sayanaid. Kada a ɗumama ruwan aiki don a gaggauta rini, kada a zuba ragowarsa a jarkar da ake tara sharar asid, kuma a yi aiki inda iska ke wucewa.

Kuɗin kit na bin dala, don haka lissafin mililita ya fi amfani. Kit mai mililita 500 a kowace kwalba na cika Coplin sau 20, kowane cikawa silaid 5, ko 10 in an jera su baya da baya. Wanda ke da silaid ɗaya ko biyu a mako, ɓarna ce ya cika Coplin. Ya kwantar da silaid a kan sandunan gilashi, ya haɗa mililita 2 da 2, ya ɗiga a kai, ya rufe da murfi don kada ya bushe. Bushewa na barin ɗigon shuɗi a gefen nama, shi ya sa a lokacin hunturu sai an ƙara ɗigawa a tsakiyar lokacin. Da wannan dabara ƙaramin kit mai mililita 100 ko 125 ya ishi ƙaramin lab har kwanan watansa ya cika, kuma shi muka fi ba da shawara a kan babba, wanda zafi zai lalata kafin a ci rabinsa. Asibitin koyarwa da ke rina kowace hanta da kowane ɓargo kuwa, garin ya fi masa araha nesa ba kusa ba: giram 500 na ferosayanaid na ba da lita 25 na ruwa mai kashi 2, garin kuma ya fi ruwan jure ajiya. Asid ɗin mililita 2 ne na mai ƙarfi a cikin mililita 98 na ruwa, asid ake zubawa a ruwa ba ruwa a asid ba. Irin wannan wuri jan rinin kaɗai ya kamata ya saya haɗaɗɗe.

Ranar karɓar kaya daga dillali, a buɗe kwalin a gabansa. A duba kwanan wata a jikin kowace kwalba, don ba lallai su zama ɗaya da na kwali ba. A ɗaga ferosayanaid a haske a tabbatar rawaya ne garau, a duba murfin asid ko ya yoyo ya ci takarda, a tambayi inda aka ajiye kayan tun shigowarsu. Sannan a rina kwantirol mai ƙarfe kaɗan a ranar, kafin silaid ɗin wani majiyyaci ya shiga ruwan.